Da me za a ɗumama sabon gidan Alhaji?

Jiya muna dawowa daga Rayfield ka ce mini: "Maigida, Alhaji yana so a ɗumama masa gida yadda ya gani a Ingila, da tukunyar gas da bututun ruwan zafi a kowane ɗaki. Me ya sa ka ce ya dakata, alhali aikin kuɗi ne?" Ƙarar mota ta hana ni ba ka amsa. To, zauna ka ji, yarona.

Sanyin Ingila kusan rabin shekara yake yi, dare da rana, kuma gas ɗinsu ta bututu yake shigowa gida kamar ruwan famfo. Mu a nan Jos, tudun da ya haura mita 1,200 ne ke jawo mana sanyi. Yakan yi tsanani daga Disamba zuwa Janairu, wani daren ma'auni ya sauka ƙasa da 10, amma hantsi na dubawa kowa ya tuɓe rigar sanyi. Ka ce mutum ya fasa tayil, ya binne bututu a ɗaki goma, ya riƙa ɗaukar silinda zuwa gidan gas kowane 'yan kwanaki, don sanyin dare na wata biyu ko uku? Ba zan karɓi kuɗinsa a kan wannan ba.

Abin da na fara dubawa a gidan shi ne sama. Ka ga na hau tsani na leƙa cikin silin? Tsakanin kwano da silin babu komai. Zafi sama yake yi, duk abin da ka kunna a ɗakin nan zuba ruwa ne a kwando. Kakanninmu sun san wannan: soron ƙasa mai kauri yana shan rana yini guda, ya sake ta a hankali da dare, kuma gadon ƙasa na maijego da ake hura wa wuta a ƙarƙashi yana kwana da ɗumi. Bulo da kwano ba su da wannan halin. Saboda haka a fara shimfiɗa audugar gilashi a saman silin, a sa roba a bakin tagogin alminiyon, a toshe ƙarƙashin ƙofofi. Wannan aikin zai amfane shi har da bazara.

Sai lissafin wuta, wanda nake so ka iya shi da ka. Hita mai wat 2,000 tana jan amfiya kusan 9. Awa 8 a kunne, yunit 16 ke nan. Wanda ke layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, yana biyan sama da naira 200 a kan yunit ɗaya, ka ga dare guda, ɗaki guda, ya haura naira 3,000. Ƙaramin janareta kuwa ko motsa ta ba zai yi ba. Idan za a sa ta, soket ɗinta daban, waya mai kaurin 2.5 ta tagulla ta gaske, ba a ratsa ta kan doguwar wayar ƙari.

Tunda dama zai sa na'urar sanyaya ɗaki, shawarata ya sayi irin wadda ke juyawa ta ba da ɗumi. Ita ba ƙona wuta take ta yi zafi ba, ɗebo shi take daga iskar waje, shi ya sa yunit ɗaya ke ba da ɗumin kusan yunit uku na hita. Ka lura, da yawa daga cikin na kasuwa sanyi kaɗai suke yi. Kada alamar rana a jikin rimot ta ruɗe ka, ka karanta takardar jikin injin. Ɗakinsa, na Hajiya da na yara sun isa.

Ruwan wanka da na alwalar asuba kuwa, sola. Tankin lita 200 a kan rufi, ya fuskanci kudu, a riƙa goge masa ƙurar hunturu. A bar masa ƙarfen lantarki mai dafa ruwa a ciki saboda kwanakin Agusta da rana ke ɓuya.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kai. Da zarar mun toshe kafofin gidan nan, kaskon gawayi ya haramta a ciki. Gawayi na fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi, mutum ya yi ta barci har ya zarce. Mai gadi ne na fi ji wa tsoro, ɗakinsa ƙarami ne kuma taga ɗaya gare shi. Da bakinka za ka gaya masa, ni ma zan maimaita wa Alhaji, kuma a ja masa soket ɗin hita ƙarama.

Gobe ka zo da tef da wuri. Za mu auna silin ɗin ɗakunan nan uku kafin masu fenti su shigo.