Amsa ga 'yar uwar da kunya ta hana zuwa ajin Turanci

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta saƙonki sai da na kife wayar na yi shiru, kamar ni na rubuta shi. Kin ce watanki bakwai da zuwa ƙasar waje, sunanki na kan layin ajin gwamnati ba a kira ki ba, kuma kina jin nauyin shiga na kyauta da 'yan sa-kai ke yi, kada a yi miki dariya da girmanki, ga shi kuma a zauren coci ake yi.

Ki je. Ni shekara ɗaya da rabi na yi ina wannan jan ƙafar, kuma abin da ya fito da ni daga ɗaka ba na yi wa ko maƙiyina fatansa.

Akwai wata 'yar ƙasarmu da ta riga ni zuwa, ita ce bakina, ita ce kunnena. Wasiƙa ta zo, ita. Makarantar yara, ita. Na ɗauke ta tamkar yayata ciki ɗaya. Ranar da na je asibiti kan wata lalura ta mata, ita ta zauna tsakanina da likita. Likitar ta yi ta bayani tana nuna takarda da biro, ya fi minti uku, sai baiwar Allahn nan ta juyo ta ce min, "Wai ba komai, ki dai sha magani." Ina kallon fuskar likitar na san ba haka ta ce ba, amma da wane bakin zan tambaya? Bayan sati biyu na shiga cikin matanmu, sai ɗaki ya yi tsit, wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu da jiki, Allah ya sa bai taɓa mahaifa ba." Maganar da ko maigidana ban gama faɗa wa ba! Ashe ta fi ni sanin ciwona, kowa ma ya fi ni sani. Banɗaki na shiga na saki famfo don kada a ji kukana. Har yau in mun haɗu sai ta washe baki kamar ba ita ba. Na ce na yafe, amma zuciya ba ta da ƙashi.

Don Allah in za ki asibiti ki roƙi a ba ki tafintan aiki, wanda riƙe sirri dole ne a kansa. Kada ki sa yaranki ma, akwai abin da bai dace ɗa ya ji ba.

Maganar dariya kuwa, wa zai yi wa wa? A ajinmu akwai dattijon da injiniya ne a ƙasarsu, sai da ya yi gumi kafin ya iya faɗin ranar haihuwarsa, ga wata a gefena da ba ta taɓa riƙe fensir ba. Cocin kuma aron ɗakin kawai aka yi, ba wanda ya taɓa yi min wa'azi, in lokacin salla ya yi nakan koma lungu in yi abina.

Ba ki faɗi ƙasar da kike ba. Kowace ƙasa da sunan da take kiran ajin koyar da baƙi Turanci: a Birtaniya ESOL za ki nema, a Kanada LINC, a Ostireliya AMEP, wanda a da sa'a 510 kawai ake bayarwa, aka cire iyakar a 2021. Kada ki janye sunanki daga layin ajin gwamnatin, ki riƙa leƙa su, mutane suna bari gurbi ya samu. Can ne ake samun takardar shaida, ajin 'yan sa-kai galibi ba ya bayarwa. Za su fara gwada ki su ga matakinki. Ma'aunin da aka fi sani hawa shida ne, daga A1 zuwa C2, in aka ajiye ki a ƙasa kada ki ji haushi. Kuma kada wani ya zuga ki ki biya kuɗin jarrabawar gwada Turanci ta IELTS yanzu, shekara biyu kawai aka saba karɓar sakamakonta.

Amma gaskiya ni ba a aji bakina ya buɗe ba. Sa'a biyu a mako me za ta yi miki in kin dawo gida Hausa ce har dare? A zaman hira na laburare da rukunin ɗinki na koya, hannu na aiki, ba mai zuba miki ido, sai ki ji magana ta kuɓuce miki. Ki kuma saurari 20 ga Yuni, ranar 'yan gudun hijira ta duniya, ƙungiyoyi kan yi taro a makon, nan na ji labarin rabin wuraren da nake zuwa. In kin tarar da Bahaushiya a ajin ku gaisa, amma kada ki zauna kusa da ita. Wata biyu na ɓata haka, muna ta ƙus-ƙus a baya.

Kina da goyo ne? In kina da shi ki tambaye su tun kafin ranar, wasu wuraren suna da mai kula da yara, wasu kuma a cinyarki za ki riƙe shi ki yi karatunki.