Yadda ake ɓamɓare alminiyam daga jikin fanel, wato allon cikin kayan lantarki

Jiya da la'asar muna ɗaure buhuna ka ce mini: "Maigida, wannan alminiyam mai haƙora da aka manna da gam a kan fanel ya ƙi fita. In sa masa sukundireba da guduma ne, ko in ɗora shi a wuta kamar yadda na ga wasu na yi?" Na ce ka bari sai da safe. To, jawo benci ka zauna, ɗana.

Ayisi, wato 'yar baƙar na'urar nan mai ƙafafu da ke kan fanel, in tana aiki zafi take ɗauka, shi kuma alminiyam ɗin ya zuƙe zafin ya watsa shi cikin iska ta haƙoran nan nasa. Shi ya sa za ka same shi a kan ayisin da ta fi shan wahala, kuma sau da yawa ita ce mai daraja a fanel ɗin, saboda ɗan zinaren da ke cikinta. Mai sayen fanel ayisi yake dubawa kafin ya yanka farashi. In ka farfasa ta don alminiyam da bai cika tafin hannu ba, garin neman gira ka rasa ido ke nan.

Kafin komai, juya fanel ɗin ka duba bayansa. Da yawa ba gam ne ya riƙe su ba: wani noti ne, wani ƙusar roba, wani ƙafafunsa aka kama da dalma. Farin abin nan mai kama da man goge baki shi ma ba gam ba ne, bushewa kawai ya yi. Ka kwance noti, ka murɗa kaɗan, zai saki.

Gam na gaskiya iri biyu ne, da bakin wuƙa za ka gane su. In ka taɓa gefe ka ji laushi kamar cingam, tef ne mai manne fuska biyu, zafi yake so. A watan Maris ko Afrilu, ka shanya fanel a kan kwano da tsakar rana, ranar Kaduna ta yi maka rabin aikin. In da bulowa ne, wato na'urar hura iska mai zafi, alminiyam ɗin za ka hura wa, ba fanel ba, har ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Nan ka tsaya, domin tsohuwar dalma a digiri 183 take narkewa, in ka kai can ayisi za ta biyo shi. Sai ka kama da filaya ka riƙa murɗawa dama da hagu a hankali. Murɗawa na ce, ban da fizga sama.

Wanda kuwa ka ji shi ƙam kamar dutse, sanyi ne maganinsa. Ƙulle fanel a leda ya kwana a firiza, amma ba wadda ake ajiye abinci ba. Alminiyam ya fi ayisi tsukewa a sanyi, gam ɗin kuma ya yi gautsi. Da fitowa ka sa siririyar wuƙa daidai layin gam ka ƙwanƙwasa ta gefe, sai ka ji ƙas. In ya ƙi har sau biyu, bar shi, a haka za mu sayar.

Dubi tafin hannuna na hagu. Ina kamar shekarunka na riƙe fanel a hannu ina ɓanɓara, sukundireba ta kuɓuce ta shige nan, na yi wata guda ban iya riƙe guduma ba. A kan benci ake aikin nan, bakin ƙarfe na kallon gaba. Manyan kafasito, masu tara lantarki a akwatin wutar na'ura, kuma kan riƙe sama da bolt 300 bayan an cire shi daga soket, kada ka kai musu yatsa.

Maganar ɗora fanel a wuta kuwa, ban yarda ba a shagon nan. An gauraya jikin fanel da sinadarin hana kama wuta, hayaƙinsa guba ne, ga dalma ta bi toka ta zauna a ƙasa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a cikin gidajensu suka shaƙi ƙurar. Ƙannenka na rungumarka in ka koma gida. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, rigar aiki kuma ta kwana a nan.

In alminiyam ɗin sun fita, bi su da mayen ƙarfe: duk abin da ya kama, cire shi. Wanda ka ji ya yi nauyi fiye da girmansa, duba gindinsa, jan ƙarfe ne, ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, buhunsa daban. Ƙafafun da dalma ta taɓa kuma ka datse su tas, domin alminiyam irin wannan na iya ƙarewa wurin masu zubin tukwane a kasuwar Panteka, wata uwa ta dafa wa 'ya'yanta tuwo a ciki.

Ɗauko kwandon can na faneloli, mu fara da wanda ya gagare ka jiya.