Kuɗin da banki ke riƙewa a cinikin gida a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, na kusa kammala sayen gida da bashin banki. An ce ranar sa hannu in zuba wasu kuɗi a asusun eskiro, kuma kowane wata za a ƙara wani abu a kan abin da nake biya. Anya ba tatsa ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kuɗinka ne, ajiyar amana kawai ake yi. Banki na tara su ne don ya biya maka harajin gida da inshora idan lokacinsu ya yi. Ba don yana ƙaunarka ba: idan haraji ya taru ba a biya ba, hukuma ce ke gaban banki a kan gidan, shi kuwa gidan nan shi ne jinginarsa.

A ce harajinka dala 6,000 ne a shekara, inshora 1,800. An raba 7,800 gida goma sha biyu, dala 650 ke nan duk wata. Dokar RESPA ta 1974, wadda ke tsara cinikin gida da bashin banki a Amurka, ta yarda banki ya riƙe rarar da ba ta wuce ta wata biyu ba, wato 1,300 a lissafin nan. Abin da za a nema ranar sa hannu yana iya fin haka, saboda a Texas ana biyan haraji ne zuwa 31 ga Janairu, dole asusun ya cika kafin nan.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne shekara ta biyu. Sau ɗaya a shekara ake duba asusun. In an sami rarar dala 50 ko fiye, a maido maka cikin kwana 30. In an sake kimanta gidan haraji ya hau, sai ka ga kuɗin wata ya tashi alhali ruwan bashin bai motsa ba. Don haka ka riƙa karanta takardar duba asusun da banki zai aiko maka idan ta zo, kada ka jefa ta a durowa.

Kuɓuta daga asusun? Bashin FHA, wato wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, ba ya yarda. A bashi na gama-gari, yawanci sai wanda ya biya kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gidan tun farko, wasu bankunan ma har da ɗan caji. Ni dai ga mai sayen gidan farko, shawarata ya ci gaba da asusun.

Kafin alƙalamin da ka bayar lokacin ƙulla ciniki kuwa daban yake. Yana hannun kamfanin tantance takardun mallaka, kuma ranar sa hannu za a cire shi daga abin da ake binka.