Yaushe ɗan jarida ke buƙatar rumbun bayanai na giraf?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jadawalin Excel bai wadatar ba wajen bin diddigin masu karɓar kwangila a ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. Ya wadatar idan lissafin kuɗi kake yi, amma da zarar tambayarka ta koma kan wane ne ke da alaƙa da wane, jadawali zai gaza.

Rumbun giraf yana ajiye kowane mutum, kamfani ko adireshi a matsayin ƙulli, sannan ya ɗaure su da zaren da ke bayyana dangantakarsu, kamar darakta ko mai hannun jari. A ce kamfanoni uku sun yi takarar haƙa rijiyar burtsatse a Wamakko. Idan ka zuba bayanan rajistarsu na CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, kana iya ganin duk ukun sun rataya a shago guda, abin da ido ba zai kama ba cikin layuka dubu. Da manhajar rumbun giraf mai suna Neo4j ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ƙasa da ƙasa, ICIJ, ta tsefe takardun Panama a 2016, wato takardun sirri miliyan 11.5 da aka kwarmata daga wani kamfanin lauyoyi na ƙasar Panama, kuma jaridar Premium Times na cikin waɗanda suka yi aikin.

Inda na fi so ka yi hattara shi ne sunaye. Mutum guda a wurinmu yakan fito Muhammadu a wata takarda, Mohammed ko Mamman a wata, yayin da mutane daban-daban ke amsa suna ɗaya. Kada ka haɗe ƙulli biyu sai adireshi ko ranar haihuwa sun zo daidai, kuma ka tuntuɓi wanda zaren ya nuna kafin ka wallafa sunansa.