Kangon makarantar 'yan mata: amsa ga ɗan ƙanena

Babana, assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni lafiya a nan Gadarif, gabashin Sudan. Ka ce tun da kuka koma Madani makarantar 'yan matan da ke bayan unguwarku tana nan a yashe, ba ƙyaure ba taga, kai da abokanka kuna so ku shiga ku zagaya ku ɗauki bidiyo. Mahaifiyarka ta hana, ta ce ba a shiga kango, shi ne kake tambayata ko al'ada ce mai tushe ko kuwa tsoron aljanu ne irin na mutanen da.

Mahaifiyarka tana da gaskiya, bayanin ne ta gajarce maka.

Maganar aljanu ba zan ja ta da nisa ba. Haka muka taso, ba a shiga kango da tsakar rana ko da almuru, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla. Akwai aljanu, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Amma rabin abin da tsofaffi ke gudar wa yaro a kango maciji ne da kunama da masai wanda bakinsa ya rufta. Ga ƙasar jiharku ta Jazira baƙar laka, ta kumbura da damina ta tsage da rani, ginin da ya kwana biyu ba mai duba shi ba a jingina da bangonsa.

Babbar maganar ita ce izini. Ɗauko Suratun Nur ka karanta daga aya ta 27 zuwa ta 29. An hana mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, aka ƙara da cewa ko ba mu tarar da kowa ba kada mu shiga sai an ba mu izini. Na san a cikin abokanka ba za a rasa mai janyo aya ta 29 ba, wadda ta ce babu laifi a shiga gidajen da ba mazauni idan akwai wani amfani naku a ciki. Malamai sun fassara wannan da irin masaukin matafiya da shaguna, kuma ka lura da sharaɗin amfani. Yawon buɗe ido da waya a hannu ban ga ya shiga ciki ba. Makarantar nan tana da masu ita: akwai ma'aikatar ilimi, akwai shugabarta, akwai kwamitin iyaye. Ba don sun gaji da ita suka tafi ba. Yaƙi ne ya ci Madani a Disamban 2023, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe garin. Wanda ya tsere da ransa ai bai yafe kayansa ba.

To balle makarantar 'yan mata. Lokacin da nake koyarwa, namiji iyakarsa bakin ƙofa. Uba zai zo neman 'yarsa, ya tarar da maigadi a kan gadonsa na igiya ƙarƙashin darbejiya, ga tulun ruwa a gefe, su gaisa, a tura yarinya ta kira ta. Ko sufeto ne ya zo daga ofis sai an sanar da mu tukuna, kowace malama ta gyara farin mayafinta kafin ya tako tsakar makaranta. Kada ka ɗauka tsaurin banza ne, da wannan aka sayi yardar iyaye. Da Shehu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, nan arewa da ku a gabashin kogi, da yara 17 ya fara, tara daga cikinsu na gidansa ne, sauran na maƙwabta, don mutane ba su yarda ba. Daga wannan tushe Jami'ar mata ta Ahfad da ke Omdurman ta fito. Mu kuwa Hausawa mun fi kowa jan ƙafa. Kakanka, wanda ka ci sunansa, sai da ya je ya ga tsawon katanga da idonsa, ya ji cewa mata ne ke koyarwa, sannan ya bar ni na shiga aji. Alkawari aka yi wa irinsa cewa abin da ke bayan katangar nan a rufe yake, kuma faɗuwar ƙyaure ba ta warware alkawarin ba.

Ka san abin da za ku tarar a ofishin shugaba? Rajista mai ɗauke da sunan kowace yarinya da na ubanta da unguwarsu, da makin da ta ci da wanda ta faɗi. Ƙananan hotuna da aka manna a takardun jarrabawa. Wasiƙun iyaye, wannan an cire ta za a yi mata aure, waccan ba ta da lafiya, wata ubanta ya kasa biyan kuɗi. Da yawansu yau matan aure ne, wasu suna Misra, wasu suna nan tare da mu a gudun hijira. Ka ɗora wannan a TikTok, ka tona asirin gidaje da yawa a zama ɗaya, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Ga shi makarantu da dama sun zama mafakar mata da yara a yaƙin nan, tsummokaran da suka bari a azuzuwa ba abin nuna wa duniya ba ne.

Ɗaukar wani abu don ajiyar tarihi, ƙararrawa ko taswira, shi ma ka cire shi a ranka. Tsintuwa ma sai an yi cigiyarta shekara guda, ina ga abin da an san mai shi.

Sai abin da kakanninmu ba su sani ba, shi ya fi hana ni barci. Masu bindiga sun zauna a makarantu, kuma akwai harsasai da bama-bamai da suka faɗi ba su fashe ba, suna kwance cikin ciyawa. Duk ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa, kada ka shura, ka koma ta inda ka bi ka shigo ka gaya wa hukuma.

In har zuciyarka ta nace, ga hanya. Ka sami kwamitin unguwa ka ji ko masu binciken abubuwan fashewa sun duba wurin. In sun duba, ku nemi ɗaya daga cikin malaman makarantar ta shige muku gaba, ku tafi da hantsi. A bakin ƙofa ku ce assalamu alaina wa ala ibadillahis salihin, ita ce sallamar wurin da ba kowa, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ku riƙe tsintsiya da buhu, ku tattara takardun a kife ku miƙa mata ba tare da kun karanta ba. Hoto kuwa ku ɗauki rufin da ya yaye da bangon da ya tsage, kwamiti zai buƙace su wajen neman gyara.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso. Ƙannenka mata kuma ka bincika mini inda aka mayar da ajinsu, ina so in ji sun koma karatu.

Gwaggonka.