Ɗana yana jinyar ƙari a ƙwaƙwalwa a Ingila, dangi kuma sun ce in mayar da shi gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni Bakatsiniya ce, ina aikin kula da tsofaffi a wani gari na arewacin Ingila tun 2022 da bizar ma'aikatan lafiya. Maigidana ya rasu kafin in taho, sai na zo da 'ya'yana biyu a kan takarduna. Babban, mai shekara 21, yana aji biyu a jami'a. Wata uku da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi, aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa aka ga ƙari. An yi tiyata an cire abin da ya ciru, an ce giliyoma ce, wato wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa, kuma za a fara masa maganin haske, daga baya a bi da ƙwayoyi. Ba ya yarda in shiga wurin likita tare da shi, asibiti kuma sun ƙi gaya mini komai. Kakarsa da baffanninsa sun ce in dawo da shi a nema masa na gida, wani ma ya ce a yi masa aure ya samu mai jinya. Ina tsoron yawan neman izini a wurin aiki kada in rasa bizata. Ina zan sa kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya jiƙan mahaifinsa. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da kika saka a tsakiya kamar ƙarama, cewa ba ya yarda ki shiga wurin likita. Daga nan zan fara, domin aiki da takardu da maganar gida duk sun rataya ne a kan yardar wannan yaro.

Asibitin ba wulaƙanta ki suka yi ba. A dokar ƙasar, wanda ya kai shekara 18 baligi ne cikakke, sirrin ciwonsa nasa ne, kuma likita ba shi da ikon buɗe shi ga kowa, ko da uwar da ta haife shi ce, sai da izininsa. Wannan yana da ciwo ga mace irinki da ta yi rainon maraya ita kaɗai har ta tsallako teku da shi, amma ƙofar ba a kulle take ba, mabuɗin ne yake hannunsa. Zai iya gaya wa ma'aikaciyar jinyar da aka ware masa, wadda kusan kowane mai irin wannan ciwo ake haɗa shi da ita, cewa ya yarda a yi magana da mahaifiyarsa, a rubuta a fayil ɗinsa, kuma yana da damar iyakance abin da za a faɗa miki. Ina ganin bai kamata ki nemi komai da komai tashi ɗaya ba. Ki roƙe shi abu uku kawai: sunayen magungunansa da lokutan shansu, ranakun zuwa asibiti, da lambar da ake kira idan jikinsa ya rikice cikin dare. Saurayi da ya wayi gari an aske masa kai, an hana shi tuƙi, abokan karatunsa sun ci gaba sun bar shi, abin da ya rage masa na iko shi ne labarin jikinsa, shi ya sa yake riƙe da shi. Mai yiwuwa kuma yana hana ki shiga ne don kada ya ga hawayenki a gaban likita. Kada ki manta ɗan fari ne, alkunyar da ke tsakaninku ba daga ɓangarenki kaɗai take ba. Akwai tambayoyin da ba zai iya yi kina zaune ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan tambayoyi ita ce ta haihuwa. Ƙwayoyin kemoterafi, wato magungunan kashe ciwon daji, har da temozolomaid da aka fi bai wa masu giliyoma, suna iya raunana ƙwayar haihuwar namiji, kuma a NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin ƙasar, ana yi wa matasa tayin ajiye maniyyi kafin a fara. Bayan an fara, damar tana raguwa. Idan bakinki ba zai iya furta wannan ba, ki nemi wani namiji da yake ganin girmansa ya tuna masa, ko ki roƙi ma'aikaciyar jinyar ta tayar da maganar. Ita ba za ta ba ki labarinsa ba sai da izini, amma babu dokar da ta hana ta saurarar abin da kika zo da shi.

Akwai wata takarda da nake so ku yi magana a kanta tun yanzu da hankalinsa yake garau, wato takardar wakilci mai ɗorewa da ake kira LPA. Iri biyu ce, ɗaya ta lafiya da jin daɗin rayuwa, ɗaya ta kuɗi da dukiya, kuma sai an yi rajistarta a ofishin gwamnati kafin ta yi aiki, abin da ke ɗaukar makonni. Ciwon ƙwaƙwalwa yana iya taɓa magana ko tunani na wani lokaci, kuma idan hakan ta faru babu wannan takarda, likitoci za su nemi ra'ayinki amma su ne za su yanke hukunci, banki kuwa ba zai saurare ki ba. Wannan ba fatar tsiya ba ce. Shi zai zaɓi wakilinsa da kansa, kuma ta lafiyar ba ta aiki sai ranar da ya kasa yanke wa kansa shawara.

Game da ciwon, kalmar giliyoma ba ta isa a gane inda aka dosa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin ƙwaƙwalwa mataki huɗu, daga 1 zuwa 4, kuma tun 2021 ana haɗawa da gwajin ƙwayoyin halittar ƙarin, irin su sauyin da ake kira IDH, wanda ya fi yawa a matasa kuma galibi alama ce ta ciwo mai tafiya a hankali. Saboda haka ki daina auna ɗanki da alƙaluman da kike gani a intanet da tsakar dare, domin yawancinsu sun cakuɗa tsofaffi da matasa, da matakai daban-daban. Maganin haske yawanci kullum ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a, na kusan mako shida, kuma gajiyarsa takan ƙaru a ƙarshe har ta wuce lokacin da aka gama. Idan kika ga ya zama mai saurin fushi, ko yana ci ba ƙaƙƙautawa, ko barci ya ƙaurace masa, kada ki yi saurin cewa tarbiyya ta lalace. Deksametazon da ake bayarwa don rage kumburi yana yin haka, yana kuma ɗaga sukarin jini, shi ma maganin farfaɗiya na Keppra an san shi da kawo ɓacin rai ga wasu. A gaya wa likita ya daidaita, amma kada a daina ko ɗaya daga cikinsu kwatsam. Idan farfaɗiya ta kama shi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a duba agogo, a kwantar da shi a gefe ɗaya idan jijjigar ta tsaya, a kira lambar gaggawa ta 999 idan ta wuce minti biyar. Kada a cusa masa cokali a baki kamar yadda muka taso muna gani, kuma ki koya wa ƙaramin naki wannan, domin wata rana shi ne zai kasance a gida kina wurin aiki. Dole ne kuma ya sanar da DVLA, hukumar da ke bayar da lasisin tuƙi, idan yana da lasisin. Rashin yin haka yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.

Sai maganar aikinki, kuma a nan shawarata ita ce ki daina ɓoyewa. Abin da ke korar ma'aikaci shi ne fashi ba bayani, ba jinyar ɗa ba. Tun 6 ga Afrilu 2024 doka ta bai wa duk ma'aikaci mai jinyar wani nasa hutun mako guda a shekara ba tare da albashi ba, kuma kina iya rarraba shi rabin yini rabin yini. Kina da haƙƙin fita idan gaggawa ta taso, kina kuma da haƙƙin neman a sauya miki tsarin aiki, a rubuce, su kuma su ba ki amsa cikin wata biyu. Ga mai aiki irin naki, abin da ya fi amfani shi ne a tattara miki aikin yamma ko na ƙarshen mako a cikin makonni shidan nan, ba tare da an rage awanninki ba. Dalili shi ne bizarki tana rataye da albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar nauyinki, kuma hutun da ba a biya wanda ya wuce mako huɗu a shekara yana iya tilasta wa kamfani ya kai rahoto ga ma'aikatar cikin gida. Don haka kada ki amince da rage awanni ko dogon hutu da baki kawai. Ki tambayi ACAS, hukumar ba da shawara kan harkar aiki, ko ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice, kyauta ne, sannan duk abin da ya shafi biza ki kai shi ga lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista, ba ga ɗan gari da ya ce ya san hanya ba.

Yanzu ga abin da baffanninsa ba su sani ba. Yaron ya wuce 18, amma yana nan a kan takardunki saboda ya shigo yana ƙarami, kuma sharaɗin ci gaba da hakan shi ne kada ya zama mai zaman kansa, wato ba shi da mata, kuma yana zaune tare da ke sai dai idan karatu ne ya fitar da shi. Ranar da aka ɗaura masa aure, ko a Katsina aka ɗaura ba ya nan, ya fita daga wannan sharaɗi, kuma idan aka zo sabunta takardu ko neman izinin zama na dindindin zai iya rasa matsayin da yake samun magani da shi. Ɓoye auren a fom kuwa yaudara ce da hukuncinta ya fi muni. Ban da wannan, ban ga adalci ba a kawo 'yar mutane jinyar da ba a bayyana mata ba. Idan ya dakatar da karatu, ya dawo gidanki da zama, kuma ya yi dakatarwar a hukumance da takardar asibiti don gurbinsa ya jira shi. Ka'idojin zama na dindindin sun shiga sauyi bayan takardar manufofin da gwamnati ta fitar a Mayun 2025, saboda haka ki sa lauya ya duba ranakunku tun kafin lokaci ya matso.

A ɓangaren kuɗi, ki yi hattara da masu cewa ki cike fom ɗin tallafi. Bizarku ta hana cin kuɗin jama'a, kuma tallafin masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya da ake kira PIP, da alawus na masu jinya, da tallafin masu ƙaramin ƙarfi na Universal Credit duk suna cikin abin da aka hana. Maganin NHS ba ya ciki, haka ma takardar da ke yafe kuɗin magani ga masu ciwon daji ko farfaɗiya, wadda likitansa zai sa wa hannu. Ƙungiyoyin agaji irin su Macmillan da Young Lives vs Cancer, wadda ke kula da waɗanda ba su wuce shekara 25 ba, suna da ma'aikatan da suka saba da irin halinku. Kuɗin da kike aikawa gida kuma ki rage shi a fili, ki faɗi dalili, kada ki ci bashi don rufa asiri.

Ba zan ce miki kakarsa ba ta da gaskiya a cikin tsoronta ba. Ta binne ɗa, yanzu ana gaya mata jikanta yana kwance a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Amma ɗauke shi a tsakiyar magani kuskure ne babba. Akwai ƙwararrun likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Kano da Zariya da Sakkwato, sai dai na'urorin maganin haske kaɗan ne a Najeriya, kuɗin kuma daga aljihu ake biya, alhali wannan magani ba a so a tsallake masa ko 'yan kwanaki. Addu'a kuwa ba ta buƙatar biza. A yi masa saukar Alƙur'ani a gida, a yi sadaka, a kira shi a waya a yi masa tofi idan yana so, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya koyar da ruƙya shi ne kuma ya yi umarni da neman magani. Abin da zan hana shi ne jiƙo da garin magani da ake aikowa a jakar matafiya, saboda wasu suna rage ƙarfin maganin farfaɗiya ko su wahalar da hanta, kuma duk abin da zai sha, ko habbatus sauda ce, a nuna wa mai harhaɗa magani na asibiti tukuna.

Kafin ki kira gida, ki zauna da shi ku yanke abin da za a faɗa da wanda za a gaya wa. Ki zaɓi baffa ɗaya mai natsuwa ya zama shi ne bakin dangi, don wayarku ta huta. Idan kakarsa tana da ƙarfin tafiya, bizar baƙunci tana ba da damar zama har wata shida. Za a buƙaci wasiƙar asibiti, wadda shi yaron ne zai nema, da shaidar wanda zai ɗauki nauyinta da hujjar cewa za ta koma, sannan a yi mata inshorar lafiya domin baƙo yana biyan kuɗin asibiti. Ki tambaye shi ko yana son ta zo a lokacin maganin hasken ne ko bayan an gama, sannan ki cike fom ɗin da ranar da ya zaɓa.