Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Masanin Magunguna da Rashin Barcin Mahaifina?

TAMBAYA: Mahaifina ya haura shekara 80, kuma tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki yake zaune a gidan kula da masu doguwar jinya. Da barci ya ƙaurace wa idonsa sai aka fara ba shi diazepam, amma yanzu yini yake yi yana gyangyaɗi, har ya taɓa faɗuwa a hanyar banɗaki. An ce masanin harhaɗa magunguna zai duba lamarinsa. Shin wannan ba aikin likita ba ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Likita ne ke gano cuta ya rubuta magani, amma dattijon da ya daɗe yana jinya yakan tara magunguna masu yawa daga hannun likitoci daban-daban, kuma masanin magunguna shi ne wanda aka horar domin ya baje su duka a gabansa, ya ga wanne ke karo da wanne. A Amurka ma doka ta wajabta a yi irin wannan bitar kowane wata a gidajen jinyar da gwamnati ke biyan kuɗin majinyatansu.

Abin da zai fara nema shi ne ko akwai maganin da ke sace barcin tun asali. Idan ana ba mutum furosemide, maganin da ke rage ruwan jiki ta hanyar ƙara fitsari, da yamma, fitsari zai riƙa tayar da shi cikin dare. Sau da yawa mayar da ƙwayar zuwa safiya kawai ya wadatar. Wasu magungunan da ke iya hana barci su ne prednisolone na rage kumburi, da theophylline na masu asma, da donepezil na masu ciwon mantuwa, wanda kan jawo munanan mafarkai idan an sha shi dab da kwanciya. Zai kuma tambayi masu jinya ko akwai ciwon da ke damun Baba da dare, ko yana shan kofi ko shayi da yamma, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, domin maganin barci yana ƙara tsananta wannan matsalar.

Diazepam ɗin ne ya fi tayar mini da hankali. Jikin tsoho ba ya saurin fitar da shi, yakan yi kwanaki yana yawo a cikin jini, ƙwayar yau ta tarar da ta jiya, shi ya sa kike ganin gyangyaɗin rana. Jiri da ruɗewa da faɗuwa duk suna biyo baya, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramar masifa ba ce. Jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffi, wanda likita Mark Beers ya fara wallafawa a 1991, ya gargaɗi likitoci a kan dangin diazepam, kuma bugunsa na 2023 ya haɗa har da maganin barci na zolpidem da tsofaffin magungunan mura masu sa barci irin su chlorpheniramine.

Sai dai ina roƙonki kada ki sa a dakatar da shi farat ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da shi yana iya shiga firgici, barcin ya ƙara gudu, wani ma har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Masanin magunguna zai tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni, ya miƙa wa likita ya amince, sannan ya bi diddigin yadda Baba ke kwana. A tsakanin nan a riƙa fito da shi ya sha hasken safiya, a taƙaita barcin rana, a rage fitila da hayaniya da dare. Idan duk da haka ana buƙatar magani, akan duba melatonin, wato maganin da ke kwaikwayon sinadarin da jiki ke fitarwa da dare domin daidaita barci, gwargwadon sauran cututtukansa.

Ranar da za a yi bitar, ki yi ƙoƙari ki halarta, ki faɗi duk abin da Baba ke sha wanda ba ya cikin takardar likita, sannan ki ambaci faɗuwar nan da lokacin da ta faru.